Ruwan da Ya Kunna Fitila

A Satkhira, inda kogi ke gutsurar gaɓarsa,
akwai wani aji mai rufin kwano
da Malam Tapon Mistri, mai ƙurar alli a gashin baki.
Kayan aikinsa ba su cika jaka ba:
batir huɗu, waya biyu da ya fere wa baki,
ƙwan tocila, da kofunan shayi marasa mariƙi.

Ya tsoma wayoyin a ruwan sama. Shiru.
Ya soka su a busasshen gishiri. Shiru.
Ya dama sukari har ya ɓace, ƙwan ko ƙyaftawa bai yi ba.
Sai ya zuba gishiri cokali guda a ruwa,
ya juya sau uku,
zaren cikin ƙwan ya yi ja, ya farka.

Ya ce, "Gishiri a bushe fursunoni ne,
kowa riƙe da kowa, ba mai zuwa aike.
Ruwa ke kwance su.
Wannan ya nufi waya ta dama, wancan ta hagu,
kowa da cajinsa a ka kamar ɗan dako.
Shi kuwa sukari ko ya narke a dunƙule yake yawo,
ba ya ɗaukar wa kowa kaya."

Ya jawo ruwan toka, mai santsi a yatsa,
ya barbaɗa kurkum, kofin ya koma jini.
Ya ɗiga asid, ɗigo, ɗigo,
ja na gudu, yana dawowa, yana gudu,
har a wani ɗigo da ba wanda ya ƙirga
rawaya ta zauna daram.
"Masu faɗa biyu sun shirya," in ji shi.
"Kun san abin da sulhunsu ya haifa?
Ruwa da gishiri."

Daga bencin baya Shefali ta miƙe
da kwalbar man gashi da ta wanke sau biyar.
Ruwan tafkin gidansu ne,
wanda teku ta kwana a ciki daren guguwa
ta tafi da asuba ba sallama.
"Malam, gwada wannan."

Wayoyin ba su gama nutsewa ba
ƙwan ya haska har inuwar yatsunsa ta hau bango.
Aji ya ɗauki tafi.
Ita dai tana tsaye.
Ta ga shinkafar babanta, bakin ganye a ƙone,
ta ga tulun da uwarta ke ɗaukowa daga nisan awa biyu.

Ta ce, "Damina nawa zai sha
kafin ƙwan nan ya mutu?"

Malam Tapon ya duba allo, babu amsar a kai.
Ya zare waya ɗaya,
ya goge ta da gefen rigarsa.
"Kawo mini kwalba duk ranar Lahadi," ya ce,
"mu riƙa rubuta kwanan wata."