Sarƙar da Ban Saya Ba

Wata huɗu ina dafa shinkafa da wake a Aboabo
ban kai loma baki ba.
In zuba wa direbobin tiro-tiro,
ƙwai biyu, kan kifi, shito a gefe,
ni in koma bayan tukunya
da ruwan zafi da lemun tsami
da dokunu ɗaya, gaya.

Wata ce a waya ta ce mai guba ne,
wake kumburi, ƙwai kitse, nama tsufa.
Na bi su ina tsincewa
kamar tsakuwa a faifai.
Ko da na waiga,
shinkafar na zubar.

Leshin bikin Adiza ya shige ni, ba ƙarya.
An yi guɗa, an ce na koma budurwa.

Bayan hannu ya fara,
ja, kamar tururi ya lashe ni.
Sai wuya.
Baƙi, yana ɓamɓarewa kamar ƙanzo,
daidai inda mayafi ya tsaya rana ta karɓa.
Sarƙa ce, amma ban saye ta a Kejetiya ba.

Inna Lantana ta ce baki ne, ta kawo turare.
Mai kemis ya ce ƙazuwa,
sidi talatin suka bi man shafawa.
Sabulu uku na sauya.
Masu saye suka koma duban hannuna
kafin su dubi ludayi.
Wani dattijo ya mai da kuɗinsa aljihu,
ya ce ya tuna yana azumi.
Ranar Talata, da goro a bakinsa.

A asibiti Nas Akosuwa,
da Hausarta guntu-guntu:
Jiya me kin ci?
Shekaranjiya fa?
Makon jiya?
Amsa ɗaya na yi ta miƙa mata.
Ta ajiye biro.
Me kina sayarwa?
Na faɗa.
Ta daɗe tana kallona.
Ta ce, maganinki a kanki yake,
kullum kina kai wa wasu.

Ta ba ni ƙwayoyi, ta rubuta gyaɗa da kifi.

Yau ni na fara buɗe tukunya.
Kafin layi, kafin ciniki,
na zuba wa kaina, har da ƙwai.
Fata ba ta yafiya da wuri,
har yanzu akwai inuwar sarƙar.

Leshin kuwa ya ƙi rufuwa.
Na ba ƙanwata.