Hayaƙin Gidanmu

A tsibirin Barra, inda tumaki suka fi mutane yawa,
jikata Peigi ta sayo wani dogon allo,
wai a kansa za ta tsaya ta tuƙa teku.
Ba gefe, ba ciki, ba wurin zama,
sai filafili ɗaya da ƙafafu biyu.
Shekara arba'in ina jan ƙaguwa daga ruwan nan,
ban taɓa yi masa tsaye haka ba.

Talata ce, cikin watan Afrilu.
Rana ta fito kamar da gaske take,
bakin gaɓa lumui, ko yamutsewa babu.
Ta ce, "Kaka, dubi ruwan, kamar an goge faranti."
Na ce, "Bar ruwan, 'yar nan, dubi hayaƙin gidanmu."
Hayaƙin ya kwanta, ya miƙa wuya wajen teku.
Iska na bayan dutse, ta laɓe,
tana jiran wanda zai fita daga inuwarsa.

Ta yi dariya.
Amma ta sa rigar roba, ta ɗora ta ceto,
ta ɗaure igiyar allon a idon sawu.
Na cusa wayarta a jakar da ruwa ba ya shiga,
na rataya mata a wuya.
Ta ce na shirya ta kamar mai zuwa yaƙi.

Ina tsaye a matsayar jirage lokacin da ta wuce hancin dutsen.
Mai tsaye a kan allo tuta ne,
iska da shi take wasa.
Na ga ta juya, tana tuƙi, tana tuƙi,
gaɓa kuwa sai nisa take yi mata.
Sai na ga allo, ban ga mutum ba.

Sanyin ruwan nan ba ya sallama,
maƙogwaro yake fara kamawa.
Daga baya take faɗa mini:
numfashi ya ƙwace, ƙirji ya ɗaure,
hannu na son iyo, zuciya na son ihu.
Sai ta tuna, ta kwanta rigingine,
ta bar rigar ta ɗauke ta,
ta ƙirga sittin tana kallon tsuntsaye
har iskar bakinta ta dawo gida.

Ta ja igiya, allo ya zo.
Ta hau da ciki, ba ta sake miƙewa ba,
ta danne filafili a ƙarƙashin ƙirji,
ta kira masu gadin gaɓa da yatsun da suka fara ƙin ta.

Ruaraidh, ɗan maƙwabcina, shi ya tuƙa jirgin ceto.
Minti ashirin.
Na san tsawonsu, domin na taɓa jira a nan
don yayana Eachann,
wanda ba igiya a ƙafarsa,
wanda har yau hularsa kawai muke da ita.

Suka kawo ta leɓɓanta shuɗaye,
haƙora na kaɗawa, kofin shayi ya gagari hannunta.
Muka naɗe ta da bargon ulu kusa da murhu.
Akwai maganar da ta zo mini har baki,
ta wanda bai ji bari ba.
Na haɗiye ta, na ƙara mata sukari.

Ba ta daina ba, kada ku ɗauka ta daina.
Yanzu da Beathag suke fita, su biyu.
Takan bar takarda a jikin ƙofa:
ga inda muka nufa, ga lokacin dawowa.
Takan duba labarin iska a waya,
sannan ta fito tsakar gida, ta ɗaga kai.
In hayaƙi ya nuna teku,
sai ta jingine allon a bango,
ta zo ta taya ni ɗinkin tsohuwar koma.

Ni dai har yanzu ban yarda da allon ba.
Igiyar ce nake dubawa kowace safiya,
zare-zare, kafin ta farka.