Muryar Ƙarfe

Babana bai san lissafi ba sai na kuɗin gyara.
A Ƙofar Ruwa, ƙarƙashin rumfar kwano,
yakan kafa bakin sukudireba a jikin inji,
ya ɗora kunne a kan ƙotar,
ya lumshe ido kamar mai jiyo kiran salla daga wata unguwa.
Can sai ya ce: boris ne, na gaba.
A kwance, a duba. Shi ne.

Ni kuwa shekara goma sha tara na yi
ina neman sunan abin da yake ji.

Yau ga ni a Sharaɗa, a benen wata masana'anta,
inda shayin manaja ke rawa a kofi
tun ranar da aka girka sabon inji.
Na liƙa na'urori huɗu a jikin dakali da ginshiƙi,
kowacce ba ta fi dabino ba.
Biyu aro ne,
ɗaya gadon abokin aiki da ya bar ƙasar,
ta huɗun da albashina na saya,
har yau ban gaya wa maigida kuɗinta ba.

Mujittafa, ɗalibina, na riƙe da guduma mai kan roba.
Na ce: buga sau ɗaya, kada ka ji tausayin siminti.
Ya buga.
Layi ya zabura a fuskar kwamfuta,
ya hau, ya sauka, ya hau,
ya yi ta lafawa kamar fushin dattijo.

Kowane gini da muryarsa, Mujittafa.
Gada da tata, hasumiya da tata,
har tankin ruwan da ke saman gidanku.
Ba nauyi kaɗai ke kayar da bene ba.
Tuna lilo: turi kaɗan, amma a kan kari,
a kan kari,
a kan kari,
sai ka ga yaro ya kusa taɓa reshe.
Injin nan ya gano karin benen nan.
Yana kira, bene na amsawa,
kuma ƙarfe ma yana gajiya da amsa kira.

Da la'asar na koma ofis, titin Gwarzo.
Babu wuta. Batir ya rage kashi tara.
Maƙalata ta dawo daga mujalla karo na uku:
mai dubawa na biyu yana son in maimaita gwajin
da wata na'urar da sai a hoto na taɓa ganinta.
Kwamitin ƙarin girma ba ya sauraron gini,
ƙirga yake yi:
saura biyu, Dakta Rumasa'u, saura biyu.
Bara ma biyu suka rage.
Yajin aiki ya cinye wata takwas na awona,
tsatsa ta cinye sauran.
A aljihun tebur akwai wasiƙar wata jami'a ta ƙetare,
na ninke ta huɗu, ina tokare ƙafar fanka da ita.

Ranar Talata muka rage wa injin gudu ɗan kaɗan,
muka shimfiɗa masa roba da sifirin a ƙarƙashi.
Aka kunna.
Manaja ya zuba wa kofinsa ido.
Shayi ya kwanta luf, har fitila ta ga fuskarta a ciki.
Mujittafa ya yi dariyar da ban taɓa ji ba a aji.

Da dare na biya Gwammaja.
Kunnen Baba ya yi nauyi yanzu,
da tafin hannu yake jin janareton maƙwabci ta bango.
Na buɗe masa zanen: ga tudun da yake da, ga shi ya baje.
Ya bi layin da yatsan da bakin mai bai gama barin farcensa ba.

Ya daina? in ji shi.
Ya daina, Baba.
To, me kuma suke so ki rubuta?