Maɓalli Na Shida

Daga Ikeja na sayo shi, ƙarƙashin gada,
hannun wani mai yawan rantsuwa.
Ɗan allo ne, bai cika tafin hannu ba,
maɓallai shida jere kamar haƙoran rago.
Na rungumo shi cikin danfo har Agege,
ruwa na zuba, kwandasta na faɗan canji.

Kawu Nomau ya juya shi, ya auna nauyinsa:
“Wannan kuma maganin mene ne, Gwamma?”
Na ce, maganin kibiyar nan
da ke ɓace maka a fuskar kwamfuta,
har sai ka kira yaron maƙwabta
ya nemo ta kamar akuyar da ta tsinke igiya.

Na jona waya. Akwatuna shida suka fito, wayam,
kowanne na jiran a raɗa masa suna.
Na fari na ba shi littafin bashi:
wa ya ɗauki buhu nawa a Mile 12,
wa ya ce sai Laraba, Larabar ba ta zo ba.
Na sa masa tambari, Kawu ya ce bai gane ba,
sai na liƙa hoton albasa. Ya gyaɗa kai.

Na biyu na wasiƙa ne, amma na kuskure hanya,
ya danna, sai ga karta ta baje a gabansa.
“Da furfurata za ki koya mini caca?”
Muka yi dariya har mai shayi ya leƙo.
Na uku firinta, tsohuwa mai tari.
Na huɗu rediyon gida,
don ya ji ko an yi ruwa a Illela.
Na biyar fuskar jikarsa, in an samu sabis.

Ina kai hannu in adana,
aka ɗauke wuta.

Duhu, da ƙarar janareton wasu.
Kawu bai ce uffan ba, ya fasa goro,
ya miƙo mini ɓarin da ya fi girma.
Da la’asar ta dawo, na sake daga albasa,
wannan karon duk ɗaya in na ɗaura sai in ƙulle,
wanda maciji ya sara, ai ko tsumma gudu yake.

Saura na shida.
Na ce agogo? Kalanda? Hasashen ruwa?
Ya ce, “Legas ta cika ko’ina da wani abu,
ba taga, ba lungu, ba bakin kwata.
Bar mini wannan fili.”
Na bar shi, ba suna, ba hoto, ba hanya.

Bayan wata uku na koma.
Albasa ta ɗan dushe, firinta ta sha datti,
amma na shidan ne ya fi sulɓi,
ya lotsa daidai babban yatsa.
Na zauna ina kallo ta gefen ido:
mai bashi na tsaye yana kawo uzuri,
Kawu na sauraro, bai ɗaga murya ba,
yatsansa na can yana dannawa a hankali,
ɗaya, ɗaya, kamar mai jan carbi,
kwamfuta kuwa ko motsi.