Wankin Kaki

Sumanasiri, ɗana, ka zo da kakinka a leda,
ka ajiye bakin ƙofa, ba ka ce uffan ba.
Na kai shi tafkin da sarakunan dā suka haƙa
tun Polonnaruwa tana cin zamaninta,
na tsoma rigar, na maka ta a dutse,
sai idanuna suka ɓalle da zuba.

Karunawati, maƙwabciya, daina kallona,
ba kuka nake ba.
Hayaƙin da suka harba a Kolombo ne ya maƙale a zare.
Barkonon tsohuwa,
ya yi tafiyar yini a bas, ya iske tsohuwa.

Ka tuna daren da rediyo ya ce
daga yau babu sauran takin zamani?
Ubanka ya leƙa garke da fitila:
saniya biyu, gona eka uku.
Ya ce da su, to, ku dage.
Muka yi dariya har da riƙe ciki,
ita ce dariyar ƙarshe a shekarar.

Ni ban ƙi ba. Kakata da ganye da kashin shanu ta yi noma,
ta cika rumbu, ta aurar da 'ya'ya bakwai.
Amma ƙasa jaririya ce da ta saba da nono,
wa ya taɓa yaye tsakanin faɗuwar rana da ketowarta?
Shinkafa ta fito rawaya kamar mai shawara.
Buhu sittin ya koma talatin da ɗaya,
giwaye suka zo cikin dare suka karɓi nasu kason,
mai bashi ya zo da rana.

Kwana huɗu na yi a layin kananzir.
Tukwanen gas ɗaure da sarƙa, jere kamar fursunoni.
Wijepala tela ya mutu a zaune, jarka a cinya,
muna ta matsa masa gaba, mun zaci gyangyaɗi ne.
Wani yaro mai irin rigarka ya zo ya rubuta sunansa,
biron ya ƙi, ya ari na mai shayi.
Hannunsa na rawa. Na san bai karya ba.

Da ba don itacen kos da kakanka ya dasa ba,
wanda ubanka ya so sayar wa masu katako,
da yanzu wani zancen ake.
Safe kos, dare kos,
dafaffe, da kankararriyar kwakwa, da gishiri in an samu.
Wanda ya dasa bai taɓa tsayawa zaɓe ba.

Albashinka nawa ne yanzu, in an auna shi da shinkafa?
Kada ka faɗa. Na ga sabon ramin da ka huda a bel.

Ga abin da ban gaya maka ba.
Makon jiya Nilmini ta zo daga jami'a
da nata ƙullin wankin.
Siket ɗin nan shuɗi, da farar riga mai yagaggen hannu.
A dutsen nan na buga su,
haka idanuna suka yi.
Yaji iri ɗaya.
Ban tambaye ta titin da ta tsaya ba,
kai ma ba zan tambaye ka ba.
Cikin da ya ɗauke ku bai da shingen ƙarfe a tsakiya.

Sabulun ya zama ɗan ɓalli, na ɗauraye sau uku.
Zan shanya rigarka a igiyar da na shanya tata,
iska ta yi muku sulhun da ta iya.

Na naɗe maka kos a ganyen ayaba, ƙulli biyu.
Bas zai tashi ƙarfe biyar, in ya sami mai.
Ɗaya naka ne.
Ɗayan, ka san fuskarta
ko da ta ɗaure ta da jiƙaƙƙen ƙyalle.