Alawayyo Yadi Biyar

Ranar da aka miƙo min takardar a asibitin Idi-Araba
ban shiga danfo ba.
Da ƙafa na taka har Mushin,
na sayi farin alawayyo yadi biyar.
Mai kanti ya ce, "Wa ya rasu?"
Na ce, "Wani ne, yana hanya."

Na naɗe shi a ƙasan akwati, da sabulu da ɗan turare.
Na yafe wa Barau kuɗin albasa buhu uku,
don me mai ƙanjamau zai yi da bin bashi?

Shekara goma sha tara ke nan.

Kullum ƙarfe tara na dare,
ko da wuta ko an ɗauke,
ko ruwan Yuni ya kai gwiwa a lungunmu na Agege,
ƙwaya ɗaya, kurɓin ruwan leda, bismillah.
Da can tafin hannu suke cikawa, su sa ni mafarkin banza.
Yanzu ɗaya ce tak, ba ta fi gyaɗa ba.

Jiya Likita Folake ta duba sakamako,
ta ce cutar ta yi likimo, na'ura ma ba ta ganinta.
Sai ta ɗaure min damtse da abin awo, ta ɓata rai:
"Malam Sallau, gishiri! Tsiren dare!
Ka rage, in kana son ɗaukar jikoki."
Na yi dariya har da ƙwalla.
Ashe zan kai ranar da za a yi min faɗan tsofaffi,
hawan jini, ciwon gwiwa,
tabarau don karanta lambar waya.

Ɗan'azumi, wanda ya daina cin kwano ɗaya da ni,
ƙato lafiyayye, ko mura ba ya yi,
tanka ta faɗo masa a hanyar Apapa.
Allah Ya jiƙansa. Ni na yi masa wanka.
Na buɗe akwati in ba shi nawa,
sai na tarar ya yi ja,
kyankyasai sun cinye gefe guda.

Ban ce na fi ƙarfin ajali ba.
Ranata dai ta koma layi, ta tsaya cikin ta kowa,
ba wanda ya san lambarsa.

Hansatu, da aka haifa bayan takardar da shekara huɗu,
jininta tas,
yau ta cire min furfura bakwai, tana ƙirgawa,
wai kowace naira hamsin.

Lantana ta wanke abin da kyankyasai suka rage,
ta yanka gida biyu.
Da shi take tace kamu da asuba.
Kokon ya fi daɗi, in ji masu saye.

Ni kuwa gobe, in Allah Ya kai mu,
sammako zan yi kasuwa.
Barau, ka shirya,
ina son kuɗin albasata.