Zan Dawo Ran Litinin

A hawa na goma sha bakwai, a Busan,
inda taga ke kallon tashar jiragen ruwa
da kwantenoni jibge kamar sandunan sabulu,
ni ce mai rufe akwatuna.
Ba na katako ba. Na imel.

Mutum dubu tara ke cin abinci a kamfanin nan,
kowa da adireshinsa, kowa da kalmar sirrin
da yake mantawa in ya dawo hutu.
Da can wasiƙunmu a ƙasan bene suke kwana,
cikin wata na'ura mai gurnani kamar tsohon sa,
mu yi mata fifita da zafi, mu kwana zullumi da damina.
Bara muka kwashe su kaf muka kai gajimare.
Kakata ta ce, to in aka yi ruwa fa?
Na ce ba wannan gajimaren ba, Kaka.
Ta ce oho, in dai a sama yake.

Yau ashirin ga wata takarda ta iso daga ofishin ma'aikata,
layi biyu, ko gaisuwa babu:
Pyo Sang-cheol, sashen lodi, ya rasu ran tara.
A rufe. Lasisinsa a ba sabon yaro.

Ban san fuskarsa ba.
Na san dai sau uku ya kira ni
a kan rikicin babban harafi da ƙarami,
yana ba ni haƙuri kamar ya taka mini ƙafa.

Na shiga da mabuɗin da ba ya sallama.
Shekara ashirin da shida.
Jirgi ya makara a Rotterdam.
Kifi ya narke a kwantena mai lamba kaza.
Taron ƙarfe tara ya koma goma, ya sake komawa tara.
Na gani. Na gode. An gyara. Na gode.
In ka tankaɗe rayuwar ma'aikaci
tsakin da ke saura a rariya ke nan.

Sai ga amsar da ya bari tana tsaron gida:
"Na je asibiti, zan dawo ran Litinin.
In da gaggawa a nemi Bang Mi-suk."
Kwana goma sha ɗaya tana faɗa wa duniya haka.
Ta faɗa wa kwastan.
Ta faɗa wa mai tallan inshora.
Ta faɗa wa wani adireshi kullum ƙarfe biyun dare,
saƙon ba kai, ba jiki,
ɗigo ɗaya tak, kamar ƙwayar riɗi.
Mai aikowa: Pyo Da-eun.

Na daɗe ina kallon ɗigon.
Shayina ya huce.
Ashe ƙwanƙwasa ƙofa take yi
don kawai ta ji an ce Litinin.

Doka ta ce kwana talatin, sannan a share.
Dokar ba ta da uba, shi ya sa.
Amma akwai wata 'yar ƙofa da na sani:
in ka mai da akwati na tarayya
ba ya cin lasisi, ba ya cin kuɗin kowa,
mai binciken kuɗi ba zai ko ɗaga gira ba.
Na ba yaron lasisinsa.
Na cire sunan Bang Mi-suk, ta huta.
Sauran kalmomin ban taɓa ba.

A takarda, gurbin da aka ce "An rufe?"
na rubuta: ana kai.

Ban tafi gida ba.
Ƙugiyoyin tasha na ɗaga ƙarfe suna saukewa,
hadari na gaske ya taso ta wajen teku,
irin wanda Kaka ta sani.
Biyu saura minti ɗaya
na rage hasken allo, na gyara zama.